Baba Ya Ce A Fara Saurare, Dattawa Sun Ce In Fara Da Ɗiyata

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan daminar, da muka binne mahaifina Malam Ayuba a Tambuwal. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ja bakina in yi shiru, in je kabarinsa in cire ciyawa, in dawo gida in ci gaba da harkokina. Bana shirun ya gagara. Abu ɗaya tak da ya bar mini gado, wato ajin da yake koyarwa kowace Asabar da yamma a ƙarƙashin rumfar bayan majami'armu, shi ne dattawan ikkilisiya suka zauna a kansa. Sun ce ko dai a rufe ajin, ko kuwa in cika sharaɗi guda: in sa ɗiyata Rifkatu a ciki kafin in sake neman ɗan kowa. Mako uku na yi ina juya maganar nan. Sai na ba ku labarin mutumin da na ajinsa kafin ku ga abin da ya sa sharaɗin ya yi mini nauyi haka.

Na san akasarin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, har wani zai ɗaga gira ya ce, af, ashe akwai Kiristoci a Tambuwal? Muna nan, ba mu dai da yawa. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da teloli da masu gyaran babur, tare muke cinikin albasa da ku ranar kasuwa. Babana daga ƙasar Zuru aiki ya kawo shi Kebbe yana saurayi, malamin asibiti mai ba da magani da ɗaurin rauni. Ya zauna har bakinsa ya koma na Basakkwace, in yana magana ba ka ce ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Sai da ya haura shekara arba'in, da iyali da komai, ya nemi hutun karatu ya tafi makarantar tauhidi, wato inda ake nazarin addininmu da zurfi. Mahaifiyata ta ce masa, sai da girma ya zo za a koma aji? Ya ce ai gemu ba ya hana ilimi.

Ya dawo bayan shekara uku da akwati cike da littattafan Turanci, kusan duk a kan tambaya ɗaya: yaya mai bi zai zauna da al'adun mutanen da yake cikinsu da na zamanin da ya riske shi? Ya karance su tas, sannan ya taƙaita mana su a kan tabarma cikin raha. Ya ce masanan sun kasu. Akwai masu katanga, waɗanda suka ce duniya ta lalace, a ja gini a shige ciki. Akwai masu haɗiya, duk abin da zamani ya miƙo sai su wangale baki. Sai masu kulki, waɗanda ba sa ganin al'adar kowa ba su kai mata duka ba. "Duk na karanta su," in ji shi, "kowane da 'yar gaskiyarsa. Wanda ban gani ba shi ne wanda ya tuɓe takalmi ya zauna." Misalinsa guda ne, bai taɓa canza shi ba. Ya ce mace ba ta sheƙe gero daga nesa, sai ta ɗauki ƙwaryar a hannunta, ƙura ta hau mata jiki, sannan ta raba tsaba da ƙaiƙayi.

Daga nan ajin ya samo asali, muna kiransa ajin sauraro. Na manya ne masu aikin yi da matasan da suka mallaki hankalinsu. Kowane ɗalibi zai zaɓi wuri ɗaya a gari, tashar mota ko mahauta ko teburin mai shayi ko wurin injin niƙa, ya je ya gaya wa mai wurin gaskiya: ni Kirista ne, na zo in koyi zaman mutanenku, in ka yarda. Baba ya tsani leƙen asiri, ya ce wanda ya shiga da ƙarya ba shi da bakin faɗin gaskiya daga baya. Sai a yi kwana arba'in ana zuwa, ba wa'azi, ba gardama. Tambayoyin da ake riƙewa a zuciya ba su da yawa: me ke ba mutanen nan tsoro, me suke fata, kuma wane alheri Allah ya riga ya shuka a wurin tun kafin ka zo? Ranar Asabar kowa ya kawo abin da ya ji, a buɗe Littafi Mai Tsarki a auna. Sai kwana arba'in ɗin sun cika ake yarda ɗalibi ya faɗi abin da bangaskiyarmu ba za ta iya amincewa da shi ba. In wani ya yi gajen haƙuri, Baba yakan tuna masa cewa Almasihu kansa shekara talatin ya yi yana zaune cikin mutane yana aikin katako, uku kacal ya yi yana wa'azi.

Ni ban shiga ajin nan ta ƙofar girma ba, abin kunya ne ya jefa ni ciki. Lokacin muna Kebbe, ina da shekara ashirin da huɗu, na gama kwalejin horon malamai inda na karanta darasin addinin Kirista, ina ji da kaina ba kaɗan ba. A garin aka haife ni, amma a gidajen ma'aikatan asibiti na tashi, daga can sai makarantar kwana. Hausa kam ba wanda zai sayar da ni a cikinta, sai na ɗauka iya harshe shi ne sanin mutane.

Wani aminin Baba, Malam Garba, manomi ne a cikin gari, ya rasu bayan gajeruwar jinya, ya bar matarsa Kulu. Ta girme ni da 'yan shekaru, Yaya nake ce mata. Bayan sadakar bakwai na leƙa gidan na same ta a kan tabarma da wani koɗaɗɗen zane, ba ɗankunne, ba kwalli, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Na san sunan abin takaba, iyakar sanina ke nan. Nan take na yanke hukunci a raina: an danne matar nan, an kulle ta da baƙin ciki, ni kuwa addinina ya ce a kula da matan da mazansu suka mutu. Washegari na shiga kasuwa na sayo jar atamfa da kwalbar turare mai ƙarfi.

Da la'asar na shiga, tsofaffin gidan suna zaune suna tsinke zogale. Na zauna kusa da Kulu na ce, "Yaya, Allah ba ya son ki zauna haka, tashi ki yi ado ki sha iska." Kafin kowa ya farga na buɗe kwalbar na tsiyaya mata a kafaɗa na shafa. Wayyo ni! Kulu ta zabura kamar na watsa mata tafasasshen ruwa, ta ruga bayan ɗaki tana kuka tana wanke jiki. Gwaggon mijinta ta saki zogalen ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wagga ɗiya, mi munka yi miki? Mace na takaba ki shafa mata turare?"

Da na yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai na miƙe na fara lacca a kan 'yancin mata. Aka nuna mini ƙofa.

Ku kun sani, ni ce ban sani ba: mai takaba ba ta ado, ba ta turare, har sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Abin da ya fi muni, kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa cewa wani namiji ne ya aiko ni da toshi, wai Kulu ta fara zawarci mijinta bai cika kwana goma a ƙasa ba. Ni na yi wauta, ita aka ɓata wa suna.

Baba bai daka mini tsawa ba, da ma ya daka da na fi samun sauƙi. Ya sa hularsa ya tafi zauren gidan, ya durƙusa gaban yayan marigayin, ya ce ba wanda ya aiki ɗiyarsa sai rashin sani, kuma laifin nasa ne da bai koya mata ba. Ya dawo ya same ni ina kumbure-kumbure.

"Ladi, kwana nawa ake takaba?"

Na ce ban sani ba.

"Kin tambaye ta mi take yi wa Allah da mijinta da wanga tsohon zane?"

Na ce a'a.

"To kin kai amsa gidan da ba ki ji tambayarsu ba. Kyautarki ba ta da laifi, ranarta ce ba ta zo ba. Gobe ki koma, ba komi a hannunki, bakinki a rufe. Ni rabin garin ga ban taɓa ganinai ba, don ba ni shiga cikin gida. Ke za ki gano mini."

Na koma ba don ina so ba. Mako guda ba wanda ya ce mini ci kanki, in na yi sallama a amsa ciki-ciki. Na yi ta zuwa. A hankali na lura da abin da ke gaban idona tun farko: Kulu ba ta fita, ga yara uku ƙanana, ba mai kai mata niƙa, ba mai sayo mata kayan miya. Ashe ƙafa matar nan take bukata. Na zama mai kai niƙa da ɗebo ruwa. Ina nan ina nan na gane koɗaɗɗen zanen da na raina ibada ce a wurinta, kuma shi ne girmamawa ta ƙarshe da za ta iya yi wa mutumin da ta zauna da shi shekara goma sha biyu. Na ji kunya ƙwarai, har yau in na tuna sai na rufe ido.

Abin ƙi ma na gan shi. Akwai matan da ke zuwa gaisuwa suna jefa mata habaici, wai farar ƙafa gare ta, ita ta cinye mijin. Raina ya yi ta tafasa, ina ƙirga kwanakin da suka rage in samu izinin magana. Ban kai ga buɗe baki ba, wata malamar Islamiyya da ke zuwa yi wa Kulu karatu ta tsawatar musu a gabana, ta ce wannan camfi ne, ajali na Allah ne, su ji tsoronsa. Da na ba Baba labari ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Kin gani ko? Kina sauri ki kai Allah gidan, ashe ya riga ki isa."

A wata na uku Kulu da kanta ta tambaye ni, muna tankaɗe, "Ladi, ku ƙaƙa kuke yi in miji ya mutu?" Ranar na faɗa mata abin da muka gaskata game da mutuwa da tashin matattu da Almasihu, ban rage komai ba, ban kuma yi masa kwaskwarima ba. Ta saurara har ƙarshe, ta faɗa mini nata, ni ma na saurara. Ta tashi Musulma, na tashi Kirista, har yau kuma haka muke. Na tambayi Baba ko wannan faɗuwa ce. Ya ce aikina shi ne in ƙaunaci mutum ta yadda zai gane ƙauna ce, in kuma faɗi gaskiyar abin da na gaskata idan ƙofa ta buɗe, amma juya zuciya ba aikin ɗan Adam ba ne. Ranar da Kulu ta fita takaba aka yi mata lalle, ta aiko a kira ni, ta ce, "Ina turaren nan naki na rashin hankali? Kawo shi, yau ranarsa ce."

Da aka yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Tambuwal ajin ya biyo shi, ya yi ta koyarwa har bayan ya yi ritaya. Kada ku ɗauka tafi aka riƙa yi masa. A majami'a akwai waɗanda ke ce masa rabin Musulmi a bayan idonsa, don yana zuwa suna da ta'aziyya, yana karɓar naman layya yana aika shinkafar Kirsimeti. A gari kuma akwai masu cewa a yi hattara da shi, wannan zama nasa ba banza ba. Bai kula ba, bai kuma daina zama ɗalibi ba. Ya yi arba'in ɗinsa a mahauta, ya yi a tashar mota, wata kaka ya riƙa hawa babur zuwa Jabo yana wuni da masu yankan gero. Ranar da ya rasu mahauta da direbobi suka cika ƙofar gidanmu, suka zauna tare da mu kwana uku. Wani tsohon direba ya ce mini, "Malam Ayuba bai taɓa ɓoye muna addininai ba, bai kuma taɓa zagin namu ba." Duk jawaban da aka yi a majami'a ban ji yabon da ya kai wannan ba.

Bayan rasuwarsa na yi karatun tauhidi na hutun makaranta, don kada in riƙe ajin da jahilci. Na tarar abin da Baba ke yi a bakin mahauta yana da manya-manyan sunaye na Turanci, har da zane-zane da kibau a allo. Na karanta, na amfana, ba zan raina ba. Sai dai malamin da ya koyar da mu, da na tambaye shi wane wuri ya taɓa zama ya saurara a garinsu, sai ya hau gyaran tabarau.

To yau fa, da Baba zai ɗaga kai ya duba, me zai ce? Zai tarar da teburin mai shayi yana nan, amma kowa kansa a sunkuye cikin waya. Zai tarar matasanmu sun san Musulunci ta guntayen bidiyon da aka yanko daga wa'azin wani mai zafin baki, matasan maƙwabtanmu su ma sun san Kiristanci ta irin wannan hanyar, alhali katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Zai ga hanyar Kebbe da yake bi ba fargaba, yanzu sai an tambayi lafiyarta kafin a tashi. Zai ga mu Kiristoci mun fara tattaruwa unguwa ɗaya muna ƙara wa gidajenmu bulo. Ba na cewa tsoron nan ba shi da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Amma na san halin tsohona. Da sai ya sayi wayar nan, ya riƙa dangwala ta da yatsa ɗaya yana kiran jikoki su nuna masa, sannan ya ce ita ma unguwa ce, a je a yi mata kwana arba'in.

Abin da na yi ke nan da ajin ya dawo hannuna. Na ƙara zaman waya: ka shiga zauren hirar samarin unguwa da saninsu, ka karanta, kada ka mayar da martani. Wani ɗalibina mai gyaran babur, magidanci mai saurin fushi, ya yi wannan zaman yana cizon leɓe. Asabar ta farko ya zo yana huci, wai ba abin da suka iya sai zagi. A ta huɗu ya zo jiki a sanyaye. Ya ce rabin surutun na rashin aikin yi ne da tsoron gobe, kuma ranar da matar ɗayansu ta bukaci jini, kafin a ce kwabo sun cika asibiti suna naɗe hannun riga. Ya kawo abin ƙi ma, yaɗa jita-jita da wulaƙanta mata, sai dai ya ƙara da cewa ya leƙa zauren samarin majami'armu ya tarar da irinsa sak.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarun baya kaɗan Hannatu, ɗiyar Baba Markus babban dattijon ikkilisiyarmu, ta shiga ajina. Ta yi zamanta a wani shagon ɗinki a Dogon Daji. Bayan shekara guda ta musulunta, ta auri wani malamin makaranta. Ba wanda ya tilasta mata, tana zaune lafiya, tana zuwa gaida iyayenta da goyonta. Amma duk Lahadi sai na ga Baba Markus yana duban gurbin da take zama a bencin mawaƙa. Ku masu karatu ku juya abin, a ce ɗiyar limaminku ce ta bi wata hanya, kun san abin da zuciyar uba za ta ji. Tun daga nan ɗalibai suka fara zamewa, daga goma sha biyu muka koma huɗu. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ni kuwa, mai bakin cewa a fita a saurara, me na yi? Rifkatu tun tana shekara goma sha bakwai take roƙona in sa ta. Na ce ta bari ta gama jarrabawa. Ta gama, na ce ta bari ta samu kwaleji. Ta samu, na ce sai baɗi. Na ga gemun ɗan'uwana ya kama wuta, na shafa wa nawa ruwa a ɓoye, ina ci gaba da tura 'ya'yan mutane. Ko kaina ban taɓa gaya wa gaskiyar dalilin ba.

Ranar taron dattawa, bayan an tashi sujada, aka kira ni. Na shiga da hujjojina a jere, na shirya dogon bayani. Baba Markus bai bari na fara ba. Ya yi magana a hankali, ba faɗa.

"Malama Ladi, ubanki abokina ne, ba ni ƙin aikinai. Amma shekara fuɗu Rifkatu na roƙonki, kowa ya sani. Ɗiyan mutane kike aikawa, taki kin ɓoye ta ɗaka. Ki sa ta, mu ba ki namu. In ba ki iyawa a rufe, don abin da kike tsoro shi ne ya same ni."

Na fusata har kunnuwana suka ɗau zafi. Na so in ce zalunci ne a yi ciniki da ɗiyata, amma dattijon bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara huɗu ina hango tsoron wasu. Na ce a ba ni lokaci.

A makonnin nan uku na yi ta tuno wata hira da muka yi da Baba a jinyarsa ta ƙarshe, da hantsi, ina ba shi kunu. Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba sa'ad da yake tura ni gidan Kulu wata huɗu, ina budurwa, hankalina bai gama zama ba. Ya ce, "Na ji ƙwarai. Duk kika fita sai na shiga ɗaki na durƙusa." Na ce to don me ka tura ni? Ya ce, "Bangaskiyar da sai an kulle ta take rayuwa, tawa ce na ara miki, ba ta zama taki ba tukuna. Ni kuwa mutuwa zan yi, ba ni son in bar ki da kayan aro." A lokacin na ɗauke ta magana mai daɗin ji. Yanzu da ya zama ni ce zan durƙusa a ɗaki, na gane ba daɗi a cikinta ko kaɗan.

Duk da haka ban yanke ba. Na yi ta tuhumar kaina a kan Hannatu. Akwai Asabar ɗin da ta riƙa tsallakewa ban bi sawu ba, akwai tambayoyin da ta kawo na amsa mata a gurguje don ina saurin zuwa girki. Wataƙila da na zauna da ita da ba haka ba, wataƙila kuma ko me na yi hanyarta ke nan, Allah kaɗai ya sani. Abin da na tabbatar shi ne ba zan iya yi wa Baba Markus alkawarin cewa abin da ya same shi ba zai sake samun kowa ba, har da ni.

Rifkatu ce ta warware mini. Na same ta tana wanki a tsakar gida na gaya mata komai, har da ƙaryar baɗi da na yi ta yi mata. Na ce ba dole, in ba ta so a rufe ajin, ba laifinta ba ne. Ta yarfe kumfa daga hannunta ta dube ni.

"Mama, kina tsammanin da kika hana ni ajin kin hana ni jin duniya ne? Ƙawayena na kwaleji duk Musulmi ne, wayata cike take da abin da ko a mafarki ba ki taɓa gani ba. Kullum saurare nake yi. Abin da kika hana ni shi ne Asabar, wurin da zan kawo abin da na ji a auna tare da ni."

Kai! Yarinyar nan ta gama da ni. Shekara huɗu ina gadin ƙofa, ashe ta daɗe a waje ita kaɗai, ba mai tambayarta me ta gani. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka, ita kuwa ta ci gaba da wankinta tana satar kallona.

Lahadin da ta biyo na tsaya gaban dattawa na ce na yarda, sunan Rifkatu ne na farko a rajistar bana. Na kuma ce daga yau duk ɗalibin da ya tsallake Asabar zan bi shi har gida, ko yana so ko ba ya so. Aka ba ajin shekara guda a gani. Baba Markus bai ce na yi daidai ba, ba na kuma jiran ya ce. Da muka fito ya tsaya kusa da ni ya ce, "Allah shi tsare miki ita," idonsa ya kawo ruwa. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Ayuba a yau, ba shi da yawa a ido. Ba gini mai sunansa, bai rubuta ko ƙasida ɗaya ba, yaran majami'a na yanzu ba su san fuskarsa ba. Abin da ya rage hanyar aiki ce: ka je da kanka, ka faɗi ko kai wane ne, ka saurara har ka gane, ka auna da abin da ka gaskata, sannan ka yi magana ba tsoro ba zagi. Na daɗe ina zaton gadon nan darasi ne da ake koyarwa a ƙarƙashin rumfa, kuma na riƙe shi da kyau. Bana na gane ban riƙe komai ba muddin 'ya'yan wasu kaɗai nake iya turawa. Shi tasa ya tura, yana jin tsoro, ba shi da tabbacin yadda za ta dawo.

Rifkatu ta zaɓi gidan wata mai kitso da lalle a tsohuwar unguwa, inda amare da 'yan mata ke wuni suna hira suna ɗaukar bidiyo da waya. Ranar farko na raka ta har ƙofar gida. Na ji ta yi sallama, na ji tana cewa, "Inna, ni Kirista ce, na zo in koyi zamanku, in kin yarda," na ji an ce ta shigo. Matar ta leƙo ta ce, "Maman Rifkatu, shigo ki sha ruwa mana." Na gode mata na ce sai wani jiƙon, domin na san kaina, in na shiga zama zan yi in tsare. Na juya na kama hanyar gida. Yau kwana tara ke nan, saura talatin da ɗaya. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma ba zan je in ɗauko ta ba.